Ofisoshi huɗu a layi ɗaya: yadda aka haɗa intanet a wata unguwa a Zariya

Yadda abin yake kafin 2022

A wani layi da ke tsohuwar unguwar ma'aikata a Zariya akwai wuraren gwamnati huɗu, daga na farko zuwa na ƙarshe bai kai tafiyar minti goma a ƙafa ba. Akwai asibitin sha-ka-tafi. Akwai makarantar sakandare ta gwamnatin jiha. Akwai wani sashe na ƙaramar hukuma mai yankan rasit ɗin haraji da ba da takardar shaidar ɗan asalin gari. Sai ƙaramin ofishin wata hukumar tarayya, ɗaki uku da baranda, inda jama'a ke bin layi ana ɗaukar bayanansu. Ma'aikatan a masallaci ɗaya suke sallar azahar, amma kuɗin gudanar da ofisoshinsu daga aljihu dabam-dabam yake fitowa: na wannan daga Abuja, na waɗannan biyun daga ma'aikatu biyu a Kaduna, na ɗayan daga sakateriyar ƙaramar hukuma.

Dukkansu aikinsu ya koma intanet ba tare da an yi shawara da su ba. Asibiti yana tura rahoton wata-wata na rigakafi da awon ciki da haihuwa ta manhajar DHIS2. Makaranta tana yi wa ɗalibai rajistar WAEC da NECO, kuma tun da JAMB ta koma jarrabawar kwamfuta gaba ɗaya a 2015 ya zama dole yara su saba da linzami kafin ranar. Tun bayan da jihar ta koma asusun bai-ɗaya a 2015 ake matsa wa masu haraji su daina karɓar kuɗi hannu da hannu. Ofishin tarayya kuwa kullum sai ya tura abin da ya tattara zuwa hedikwata kafin a tashi.

Shi kaɗai ne ke da layin intanet na kansa, mai saurin megabit 20, wanda hedikwatarsa ke biya. Sauran ukun da modem mai cin kati suke aiki. Mai kula da bayanai a asibitin yana ɗaure tasa a ƙarfen taga da robar ɗaure kuɗi, cikin ledar burodi saboda ƙura, don a nan ne kawai sabis ke kai sanda uku. Idan ta ƙi, sai ya kwafe fayil a filas ya hau acaɓa zuwa shagon kwamfuta a PZ, kuɗin mota da na shago duk daga aljihunsa.

Abin takaicin shi ne wayar fayiba, wato wayar da ke ɗauko intanet mai sauri, tana kwance a gefen babban titi, mita 700 daga layin. A 2020 gwamnoni sun amince su tsaya a kan naira 145 ga kowace mita a matsayin kuɗin izinin binne waya, Jihar Kaduna kuwa a watan Mayun shekarar ta yafe kuɗin gaba ɗaya, abin da ya sauƙaƙa wa kamfanoni shimfiɗa waya a manyan hanyoyi. Amma daga babban titi zuwa teburin ma'aikaci, wannan na mai buƙata ne. Makaranta ta taɓa neman a yi mata ƙiyasi, ƙaramar hukuma ma ta nema a wani lokaci dabam, kowanne aka lissafa masa kuɗin haƙa mita 700 shi kaɗai, kowanne ya mayar da takardar cikin aljihun tebur.

Yunƙurin farko: aron kalmar sirri, farkon 2022

Shugaban ofishin tarayya mutum ne mai sauƙin kai. Da ya ga wahalar maƙwabta sai ya ba shugabannin ukun kalmar sirrin rautarsa, wato na'urar da ke raba intanet a ofishinsa, akawun ƙaramar hukuma ya sayo 'yar na'urar ƙara wa sabis nisa aka liƙa ta a barandar. Babu takarda, babu kuɗi.

Kusan mako shida abin yana tafiya. Daga nan kalmar ta fita: daga malami zuwa ɗalibi, daga maigadi zuwa mai shayin bakin masallaci. Rautar da aka yi don na'urori ashirin ta wayi gari da sama da sittin, rabinsu suna kallon bidiyo. Ranar ƙarshen wata, da asibiti da masu haraji da ofishin tarayya duk suke son turawa a lokaci guda, babu wanda nasa ke wucewa. Aka canja kalmar sau biyu, sau biyun tana sake fita.

Abin da ya kashe maganar ya fi cunkoso nauyi. Wani malamin makaranta ya buɗe kwamfutarsa zai buga jarrabawa, sai ga firintar ofishin tarayya da wata jakar fayil ɗinsu sun bayyana a gabansa, ko'ina a buɗe. Bai taɓa komai ba, ya je ya faɗa. A makon ne kuma hedikwata ta lura da yadda layin ke shan data fiye da kima, ta aiko wa shugaban ofishin takardar tuhuma. Kafin azumin shekarar ya ƙare an cire na'urar barandar.

Yunƙuri na biyu: eriya a kan tankin makaranta, Oktoba 2022 zuwa Agusta 2023

Wannan karon an zauna. Wani ɗan bautar ƙasa da aka turo makarantar, wanda ya karanta kwamfuta, shi ya zana tsarin a allo. Hasumiyar tankin ruwan makaranta ita ta fi komai tsawo a layin, mita 15. Za a ɗora faranti a kanta ya kalli turken wani kamfani ta wajen Sabon Gari, a karɓo megabit 30 ta iska, sannan ƙananan rediyoyi uku su raba wa sauran. Irin waɗannan rediyoyi sai suna ganin juna suke aiki, kada gini ko itace ya shiga tsakani. Rauta da sauran kaya a ɗakin kwamfutar makaranta, wuta daga janaretan ɗakin idan NEPA ta ɗauke.

Kuɗi kuwa karo-karo: kowane ofishi kashi ɗaya cikin huɗu, a miƙa wa akawun makaranta farkon wata, shi ya biya kamfani ya sayi fetur. Ofishin tarayya ya shiga ne don ya samu madadin layinsa, kuma tun da kasafinsa ba shi da gurbin da zai biya wata makarantar jiha kuɗi, shugaban ne ke zarowa daga albashinsa.

Watanni biyun farko lafiya lau. Makaranta ta gama rajistar jarrabawa ba wanda ya je PZ. Sai abubuwa suka fara zuwa ɗaya bayan ɗaya.

Na farko makulli. Makaranta tana tashi ƙarfe biyu, mai kula da ɗakin kwamfuta ya kashe janareta ya tafi gida Gyallesu da makulli a aljihu. Asibiti kuwa ba ya rufewa, kuma mai bayanan ya fi samun sukunin shigar da rahoto bayan la'asar, idan masu awo sun watse. A hutun zangon farko sai da aka yi kwana tara layin a kashe, saboda rauta ta maƙale kuma mai makullin ya yi tafiya.

Na biyu kuɗi. A Fabrairu da Maris na 2023, lokacin ƙarancin takardun naira, karo-karon da aka saba miƙawa a hannu ya tsaya cak. Akawun makaranta ya cike giɓin daga kuɗin iyayen yara da niyyar a biya shi, aka biya rabi. Daga ranar 29 ga Mayu, da aka sanar da cire tallafin mai, litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kason kowa ya ƙaru. A nan ne shugabar asibitin ta yi tambayar da kowa ke kauce mata. Ta ce da shugaban makarantar: "Ranka ya daɗe, kwamfuta biyu gare mu, ku kuna da talatin. Ta yaya kasonmu zai zama ɗaya?" Shi kuma ya tuna mata ɗakinsa ne, janaretansa ne, tankinsa ne. Dukkansu da gaskiyarsu, kuma ba a rubuta komai ba balle a duba.

Na uku damina. An kafa rediyoyin ne da rani. Da ruwa ya sauka, darbejiyar da ke tsakanin makaranta da asibiti ta yi sabon toho ta tare hanya, sabis ɗin asibiti ya dinga yankewa duk lokacin da iska ta kaɗa. Itacen yana cikin filin ƙaramar hukuma, kuma a ƙarƙashinsa masu jiran takarda ke zama. An shafe makonni ana muhawarar wa ke da ikon sare reshe biyu.

A watan Agusta aka yi tsawa da dare. Ba a yi wa hasumiyar wayar da ke saukar da wuta cikin ƙasa ba, don an ga kuɗinta kamar ƙari ne. Faranti, rediyo biyu da rauta duk suka ƙone. Da aka zo maganar sayen sababbi sai aka tarar kayan ba sa cikin rajistar kadarorin kowa, don haka babu ofishin da zai iya rubuta wa na sama da shi ya nemi kuɗin gyaran abin da a takarda ba shi da shi. Ga shi naira ta faɗi tun da aka sake ta a watan Yuni, kayan da ake shigowa da su sun yi tsada. Ɗan bautar ƙasar kuma ya gama ya koma garinsu, kalmar shiga cikin na'urorin tana kansa.

Watannin da babu layi: Satumba 2023 zuwa Maris 2024

Kowa ya koma modem ɗinsa. Robar tagar asibiti ta dawo bakin aiki.

Ranar 14 ga Maris 2024 manyan wayoyin ƙarƙashin teku guda huɗu, WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, suka samu matsala a gaɓar Afirka ta Yamma, intanet da harkar banki suka rikice a faɗin ƙasar. Wannan ba abin da wani a Zariya zai iya yi a kai ba ne, amma ya yi wa ofisoshin amfani ta bayan fage: shugabannin sama, waɗanda a da ba sa karanta takardar da ta shafi intanet, suka fara tambayar ofisoshinsu da wane layi suke aiki. Shugabar asibitin ta ga ƙofa ta buɗe, ta sake kiran taro.

Yunƙuri na uku: takarda kafin waya, Afrilu zuwa Satumba 2024

An gayyato wani injiniya mai ritaya da ke zaune a unguwar, wanda ya yi aikin waya tun zamanin NITEL. Bai fara da maganar na'ura ba. Ya sa aka rubuta tambayoyi a takarda: wane gini ne ba ya rabuwa da mutum dare da rana, wa zai mallaki kayan a rajista, wa ke biyan wa, kuma idan ɗaya ya kasa biya me zai faru da sauran.

Amsar farko ta mayar da cibiya asibiti. Akwai maigadi, akwai ma'aikaciyar dare, kuma shi ne ya fi cutuwa idan layi ya mutu. Wani ya kawo shawarar a ja wuta daga solar firjin rigakafi, shugabar ta ƙi ko a tattauna, don wannan firjin ba a haɗa shi da komai. Aka yi wa kayan sadarwar tasu solar dabam: faranti biyu, inbata ƙarama, batir da zai riƙe su kwana guda ba rana. Kayan ba su da cin wuta, duka ba su kai abin da ƙaramin talabijin ke sha ba. Janareta ya fita daga lissafi, fetur ma haka.

Sai aka koma kan mita 700 ɗin nan. Rami ɗaya, zurfin kusan mita guda, bututun roba a ciki, tef mai launi a sama don ya gargaɗi mai haƙa. Wayar da aka zura tana da zare 12 a cikinta, kowane zare siriri kamar gashi, kowanne yana iya ɗaukar layinsa ba tare da ya haɗu da na kusa da shi ba. Wannan ne ya warware matsalar ofishin tarayya. Hedikwatarsa ta ce ba za ta yarda bayananta su bi ta rautar kowa ba, musamman da yake dokar kare bayanan jama'a ta fara aiki tun Yunin 2023, kuma hukumomin tarayya suna da nasu tsarin ta kamfanin Galaxy Backbone da gwamnati ta kafa a 2006. Amma ba ta ga laifin a haɗa rami da bututu ba. Aka ware mata zare biyu, ta biya kasonta na haƙa kai tsaye ga ɗan kwangila, layinta nata, rautarta tata. Irin wannan kamfanonin waya suka daɗe suna yi: tun 2014 MTN ta miƙa dubban turakunta ga kamfanin IHS mai kula da turakun sadarwa, yanzu a turke ɗaya za ka ga eriyar kamfanoni biyu ko uku, ƙarfe da wuta ɗaya, amma kowa da abokan cinikinsa.

Sauran ukun suka haɗu a kan megabit 50. An raba layin a cikin rauta gida uku da ba sa ganin juna, ta yadda kwamfutar malami ba za ta taɓa hango ta asibiti ba. An tabbatar wa asibiti 10, ƙaramar hukuma 10, makaranta 30, duk wanda bai yi amfani da nasa ba sauran su ara har ya buƙata. Da daddare asibiti kan samu layin kusan gaba ɗaya. Kowace na'ura sai an yi mata rajista kafin ta shiga, saboda haka kalmar sirri ko ta fita ba ta da amfani a wayar mai shayi.

Wurin da aka fi daɗewa shi ne kuɗi. A karo-karon baya an yi kamar adashi, sai dai uwar adashin ba ta da ikon bin kowa bashi, tun da akawun makaranta ba zai iya rubuta wa shugaban ƙaramar hukuma takardar neman biya ba. Yanzu aka shawo kan kamfanin da zai ba da intanet ɗin ya yi yarjejeniya ɗaya amma ya riƙa fitar da takardar biya uku, kowace da sunan ofishinta da gwargwadon kasonsa, wata shida-shida a gaba. Babu naira ɗaya da ke ratsawa daga wannan ofishi zuwa wancan, abin da masu binciken kuɗi suka fi ƙi ke nan. Wanda bai biya ba, kasonsa kaɗai za a rage. Kamfanin da farko ya yi ta jan ƙafa, don ya fi son mai biya ɗaya, sai da ya ga ramin da bai haƙa da kuɗinsa ba zai kai shi ga gidajen unguwar ma.

Gudummawar haƙa ba ta zama daidai-wa-daida ba, kuma an rubuta hakan ɓaro-ɓaro. Ƙaramar hukuma ta kawo leburori ta bi takardar izini a hukumar tsara birane, don yafe kuɗi bai yafe neman izini ba. Kwamitin iyayen makaranta ya sayi bututu. Asibiti ya ba da ɗaki da gadi, aka shigar da kayan a rajistarsa. An yi wayar saukar da tsawa kafin a kunna komai. Kalmomin shiga na'urori an rubuta su an rufe a ambulan biyu, ɗaya wajen shugabar asibiti, ɗaya wajen shugaban makaranta. An ajiye ƙaramar rauta mai kati ta wani kamfani dabam, don asibiti da masu haraji kawai, ko da waya za ta yanke.

Yarjejeniyar shafi biyu ce. Haƙa da binne waya sun ɗauki kwana goma sha ɗaya. Sa hannun shugabanni a Kaduna da Abuja da sakateriya ya ɗauki wata huɗu.

Abin da ya biyo baya: Oktoba 2024 zuwa tsakiyar 2025

A watan Nuwamba masu gyaran kwata suka tsinke wayar da diga, duk da tef ɗin. Rautar kati ta riƙe asibiti da ofishin haraji, makaranta ta yi haƙuri. Da yake takarda ta faɗi wanda zai kira kamfani da wanda zai rubuta wa ɗan kwangilar, an haɗa wayar a rana ta biyu. A wasiƙar an ambaci umarnin da shugaban ƙasa ya sa wa hannu a 2024 wanda ya sanya kayan sadarwa cikin muhimman kadarorin ƙasa, ɗan kwangilar ya biya kuɗin haɗin ba tare da dogon zance ba.

Da hunturu batir ya fara mutuwa kafin asuba. Ba lalacewa ya yi ba, ƙura ce ta rufe farantan sola. Aka ƙara wa mai shara aikin goge su duk Litinin da Alhamis.

A Janairun 2025 hukumar kula da sadarwa ta ƙasa, NCC, ta amince kamfanonin sadarwa su ƙara kuɗi har kashi 50 cikin ɗari, takardar biya ta gaba ta zo da ƙari. Makaranta ta makara mako uku. Aka rage kasonta zuwa abin da zai ishi ofishin shugaba, ɗakin kwamfuta ya tsaya, asibiti da ƙaramar hukuma ba su ji komai ba. Iyaye da suka ga yara ba sa gwajin JAMB su suka matsa aka biya. A zangon ne aka yi wa shugaban makarantar canjin wurin aiki. Sabon ya tarar da ambulan da takardar a fayil ɗin miƙa aiki, ya karanta, ya ci gaba.

Hukuncin Kotun Ƙoli na 11 ga Yulin 2024 kan 'yancin kuɗin ƙananan hukumomi ya sa an yi tsammanin kason ƙaramar hukuma zai riƙa fitowa da wuri. A teburin akawun wannan sashe dai, har zuwa tsakiyar 2025 sai ya bi fayil da ƙafarsa.

Hukunci

Yunƙuri na biyu bai gaza don rediyo ya fi fayiba rauni ba. Da an yi wayar tsawa an sare reshe biyu, da na'urorin sun kai yanzu. Ya gaza ne saboda an ɗora kayan a ginin da ke rufewa ƙarfe biyu, an bar su ba mai su a rajista, an kuma nemi hukumomin da ba sa ƙarƙashin juna su riƙa miƙa wa juna kuɗi, abin da ƙa'idar kashe kuɗin gwamnati ba ta tanadar masa hanya ba. Kirkin shugabannin ne ya riƙe shi wata goma, kuma kirkin mutum ba ya shiga fayil ɗin miƙa aiki.

Na uku ya tsaya saboda an haɗa abin da ya dace a haɗa, an raba abin da ya dace a raba. Rami, bututu, sola da gadi ɗaya ne. Bayanai, takardar biya da hukuncin rashin biya kowa da nasa. A ganina ƙin da hedikwatar tarayya ta yi, wanda a lokacin aka ɗauka girman kai ne, shi ya fi komai taimakon tsarin, don shi ya tilasta aka bambance haɗa rami da haɗa layi.

Sai dai akwai rauni biyu da ba a taɓa ba. Hanyar wayar ɗaya ce, duk mai diga zai iya tsayar da ita, rautar kati kuma ba za ta ɗauki makaranta ba. Batirin sola zai buƙaci canji nan da 'yan shekaru, yarjejeniyar ta ce za a raba kuɗin gwargwadon kaso, amma babu ɗaya daga cikin ofisoshin ukun da ke da gurbin hakan a kasafinsa. Gwamnatin tarayya ta sanar a 2024 da shirin haɗa sakateriyoyin ƙananan hukumomi 774 da intanet, da wani shirin shimfiɗa fayiba mai tsawon kilomita 90,000. Idan sun iso Zariya za su tsaya ne a sakateriya da babban titi. Zare takwas daga cikin 12 ɗin da ke bututun layin ba a kunna su ba, kuma wata kotu da ke bayan makarantar ta riga ta aiko tana tambayar nawa ne kason mai shigowa daga baya, tambayar da shafi biyun ba su amsa ba.